Kada Kowa Ya Motsa

Ranar da Nazeer ya shigo ofishinmu da baƙar jaka a kafaɗa da wani ƙarfe mai ƙafa uku a hammata, ko ɗaga kai ban yi ba. Shekara huɗu ke nan teburina na fuskantar nasa a sashen mulki na wata hukumar tarayya a nan Abuja, kuma ba yau na fara ganin irin wannan shigowa ba. Haka ya taɓa shigo mana da akwatin kayan gyaran iyakwandishan, muka yi wata biyu muna fifita da fayil. Nazeer mutumin kirki ne, ba shi da rowa, ba shi da riƙo. Aibinsa guda ɗaya ne: in ya kalli bidiyo biyu a waya a kan wata sana'a, to ya gama da ita, abin da ya rage shi ne ya koya wa masu ita.

"Zakiyya," in ji shi, yana kafa ƙarfen a tsakiyar ɗaki, "kin san HDR?"

"Wata sabuwar hukuma aka kafa?"

"Kin ji matsalarku. Hoto ne, hoto na zamani." Ya zaro kyamara daga jaka, ya ɗora ta a kan ƙarfen kamar mai ɗora jariri. "Kyamara ba ta da wayon ido. In ta kula da wurin haske, inuwa ta koma baƙi ƙirin. In ta kula da inuwa, haske ya wanke komai. To dabarar ita ce ki ɗauki abu ɗaya sau da yawa, wani da duhu, wani tsaka-tsaki, wani da haske sosai. Sai kwamfuta ta haɗa su, ta tsinci mai kyau daga kowanne. Farar shadda ta fito da zanenta, gajimare ya fito, baƙar fuska ta fito da kamanninta tsaf."

"Yaushe ka koya?"

"Shekaranjiya. Amma jiya na ƙware."

Da a nan maganar ta tsaya da babu wanda ya cutu. Sai dai Baffa Saleh yana bakin ƙofa da fayil uku a hannu, kuma ya ji.

Baffa Saleh shi ne masinjan sashenmu. Mutumin Babura ne, dogo, siriri, baƙi irin baƙin nan mai sheƙi. Tun kafin a haife ni yake kai takardu daga wannan tebur zuwa wancan, kuma saura mako biyu ya cika shekara talatin da biyar ya yi ritaya. Ya riga ya sallami ɗakinsa na Durumi, iyalinsa dama suna gida. Ya ajiye fayilolin a hankali, ya matso.

"Ɗana, maimaita abin da ka ce a kan baƙar fuska."

Nazeer ya maimaita, har da ƙari.

Baffa ya ce, "Hotona goma sha ɗaya da manyan gidan nan suna rataye a ɗakin matata Iyatu. A kowanne hula ce da haƙora, ba ni. Akwai wani abokin wasana, Maharazu, cewa yake yi wai a kasuwa nake sayo hotunan, don ko shi ma zai iya cewa shi ne a wurin. Ni dai guda ɗaya nake so. Ranar sallamata a ɗauka, ni da su, wanda jikokina za su duba su ce ga Baffa."

Wallahi maganar ta taɓa ni. Ita kuwa a wurin Nazeer kamar an zuba wa wuta kananzir ne. Ya bugi ƙirji har ƙarfen ya girgiza.

"Baffa, an gama! Har gashin girarka sai an ƙirga."

Kafin azahar ya shiga wurin Darakta, Alhaji Umar Farouk, ya fito yana murmushi. An ba shi aikin. Oga Thaddeus, mai shagon hoto a Gwarinpa wanda ya shekara goma yana ɗaukar mana hotunan taro, an ce ya huta wannan karon. Nazeer da kansa ya kira shi, ya buɗe muryar waya don in ji.

"HDR?" in ji Thaddeus. "Na gida za ka ɗauka ko na dutse?"

"Na mutane. Mutum arba'in."

Sai muka ji dariya, doguwa, har da tari. "Oga Nazeer, Allah ya ba da sa'a."

Nazeer ya kashe wayar ya dube ni. "Kin ji hassada?"

Gwajin farko a kan Madam Divine ya faɗa, sakatariyar Darakta. Shekararta ashirin a Abuja, ta iya Hausa irin tata, kuma ba ta fita gida sai ta yi rabin awa a gaban madubi. Ta zauna kusa da taga, ta karkata kai, ta ƙame. Nazeer ya ɗauka sau biyar, ya juye a kwamfuta, ya haɗa. Da ya ga wuraren ƙara ƙarfin hoto, duk wanda hannunsa ya kai sai ya ja shi har ƙarshe, wai kada a yi asara. Sannan ya juya mata allon.

Duk wani layi da shekara hamsin suka zana a fuskar baiwar Allah, wanda hoda ta rufa wa asiri, ya fito ɓaro-ɓaro. Ita kanta hodar ta fito, hawa-hawa, kamar bangon da aka yi wa fenti sau uku.

"Nazeer, wane ne wannan?"

"Ke ce, Madam."

"Ni? Wannan mama na ne ranar da mun kai shi asibiti!"

"Madam, ai kyamarar ba ta ƙarya. Abin da ke wurin ta fito da shi."

Ko ni da ke gefe na san ba amsar ba ke nan. Madam ta miƙe a hankali, ta ɗauki mafi kaurin fayil a teburin.

"Abeg, sake faɗa. Me ke wurin?"

"Ina nufin, haske ne ya yi yawa."

"Goge shi yanzu-yanzu. In na ga wannan abu a wayar kowa, takardar hutu naka zai ɓata har ka tsufa kamar shi."

Ya goge. Da ta fita ya ce min matsalar mata ba sa son gaskiya.

Gwaji na biyu a unguwarsu ya yi shi, Jikwoyi, ranar Asabar da la'asar. Ya kafa ƙarfensa a bakin layi ya ɗauki titi. A gaskiya sama ta yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Sai dai a tsakiyar titin akwai akuya mai kai uku da ƙafa tara. Maimakon ya ɓoye abinsa, sai ya kai teburin mai shayi yana nuna wa jama'a gajimare. Babu wanda ya kalli gajimare. Kafin magariba yara da manya sun cika ƙofar gidan Hajiya Muhibba, mai akuyar, kowa na so ya gani da idonsa. Wani ya ce dama ya daɗe yana lura da tafiyar akuyar nan. Hajiya ta janyo dabbarta da igiya har ƙofar Nazeer, ta sa shi ya ƙirga ƙafafunta da ƙarfi a gaban mutane, sau biyu.

Da ya ba ni labari ranar Litinin, na ce, "Ka san dalili ai. Akuyar ta motsa tsakanin hoto da hoto."

"Na sani."

"To mutum arba'in fa?"

"Akuya dabba ce, ba ta jin magana. Waɗannan ma'aikatan gwamnati ne. In akwai abin da suka ƙware a kai, zama wuri ɗaya ne ba motsi."

"Nazeer, wayar da ke aljihunka ma tana yin irin wannan haɗin da kanta cikin ƙiftawar ido. Ko ka bar Thaddeus ya tsaya a gefe, ko da wani abu."

"Na waya na yara ne. Thaddeus kuma zamaninsa ya wuce. Bidiyon ya ce ana yin uku ko biyar. Ni bakwai zan yi, saboda Baffa."

Na koma kan fayilina. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, amma abin da ke damuna shi ne ba shi zai ji hohon ba.

Ranar Juma'a aka yi walimar sallamar Baffa, bayan an sauko daga masallaci. Watan Maris ne, rana ta take tsaka kamar da gayya. Aka jera kujeru bakwai a gaban matattakalar ginin, sauran jama'a a tsaye a baya, maza duk cikin farar shadda tana ɗaukar ido. Baffa ya ɗinko sabuwar riga musamman, da aikin zare ruwan toka a wuya. Aka zaunar da shi a tsakiya, dama da Darakta. Sai gyara hula yake, yana murmushi kamar ango.

Abu na farko da Nazeer ya yi shi ne ya raɗa wa Darakta wata magana. Darakta ya ɗaga murya: kowa ya mayar da wayarsa aljihu, wai haskenta zai rikita lissafin kyamara. Ni da na yi niyyar ɗaukar wa Baffa guda ɗaya a ɓoye, sai ga ni a tsaye daf da bayan kujerar Darakta. Na mayar da tawa jaka ina cizon yatsa.

Wanda bai yi aikin gwamnati ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurinmu kujerar hoto ba wurin hutawa ba ce, matsayi ce. Mai matakin albashi na sha shida ba ya zama nesa da Darakta alhali mai sha biyar na kusa, ko da sama za ta faɗo. Ana cikin gyara layi sai ga Mataimakin Darakta ya iso. Kafin kowa ya yi magana Baffa ya miƙe ya ba shi wuri.

"Haba Baffa, zauna, yau ranarka ce," in ji Mataimakin, yana zama.

Baffa ya koma kujera ta gaba. Wani babba ya iso, ya sake matsawa. Wani ya iso. A haka, kujera bayan kujera, har mai walimar ya ƙare a tsaye can ƙarshen layi, jikin ginshiƙi, cikin inuwar ƙofar shiga. Babu wanda ya lura sai ni. Raina ya ɓaci, amma mai mataki na tara ba ta gyara wa manya zama.

Nazeer ya tafa hannu. Ashe bai gano wurin da ake sa kyamara ta yi jerin hotunan da kanta ba, don haka da hannu zai riƙa murza maɓallin haske tsakanin kowane hoto, yana duba wata 'yar takarda da ya maƙala a jikin ƙarfen.

"Jama'a, sau bakwai zan ɗauka. Daga na ce ɗaya, kada kowa ya motsa har sai na ce bakwai. Ko ƙuda ya sauka a hancinka, baƙonka ne. Ɗaya!"

Kyamara ta yi ƙyas. Nazeer ya sunkuya kan takardarsa. Darakta ya ɗaga hannu ya saɓa hannun babbar rigarsa a kafaɗar dama.

"Ranka ya daɗe, in da hali, rigar…"

"Ban motsa ba," in ji Darakta, yana saɓa na hagu.

Duk wanda ya san mai babbar riga ya san ba da saninsa yake yi ba. Hannun ne ke tafiya da kansa, kamar numfashi. A layin gaba kuwa masu babbar riga biyar ne.

"Biyu!"

Daidai nan wani direba ya zo wucewa ta gefe, ya ga manya a jere, ya rusuna ya yi sallama. Kai kusan arba'in suka juya lokaci ɗaya. "Wa alaikumus salam!"

"Kada a amsa!" Nazeer ya yi ihu.

"Subhanallahi," in ji limamin masallacin ofis daga layi na biyu. "Nazeer, amsa sallama wajibi ne."

"Malam, a amsa a zuci!"

"A wane littafi ka gani?"

"Uku!" in ji Nazeer, don ba shi da littafin.

Yana murza maɓalli sai ga mota ta tsaya, wata babbar Mataimakiyar Darakta daga hawa na sama ta fito tana ba da haƙurin makara. A matsayi ta girmi mutum uku a layin gaba. Ba tare da an ce komai ba mutum ukun suka miƙe, kowa ya matsa kujera ɗaya, na ƙarshe ya koma tsaye, layin baya ya buɗa masa. Aka yi gaishe-gaishe, aka tambayi iyali.

Zufa ta keto wa Nazeer. "Ranka ya daɗe, da dai a sake daga farko."

Darakta ya dubi agogo, ya dubi rana. "Nawa ka yi?"

"Uku, sir."

"Saura nawa?"

"Huɗu."

"To ci gaba daga inda ka tsaya. Ba a mayar da aikin gwamnati baya."

Na huɗu, Madam Divine ta ji wayar ofishin Darakta na ƙara ta taga, ta ratsa ta gaban kowa da gudu-gudu ta shige, ta dawo ta tsaya a wani wurin daban. Kafin na biyar iska ta fizge takardar Nazeer, ya bi ta har ƙarƙashin wata mota yana rarrafe, mu kuwa muna gasuwa. Maza suka cire huluna suna fifita. Ni ma mayafina ya zame, na sunkuya na gyara, ba zan ɓoye nawa laifin ba. Na shida shi ne mai haske sosai, wanda kyamara ke daɗewa da ido a buɗe, kuma a cikinsa ne atishawa ta kama Darakta, irin mai tafiya da rabin jiki. Mutum talatin suka ce yarhamukallah. Kafin Nazeer ya ce bakwai, ƙamshin shinkafar da aka sauke a ɗakin taro ya iso, rabin layin baya ya zame ba sallama.

"Bakwai!" Nazeer ya miƙe, gwiwar wandonsa duk ƙura, ya ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. "An gama! Ranar Litinin za ku ga abin da ba a taɓa gani ba a ginin nan."

Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Ranar Litinin da safe na tare shi a matattakala, yana rungume da wani ƙaton firam naɗe cikin takarda mai ruwan ƙasa.

"Ka duba shi?"

"Na gani a kwamfuta. Akwai ɗan hazo-hazo a tsakiya, amma allon ne ƙarami, komai ya cunkushe. In aka buga babba kowa zai koma mazauninsa."

"Bayan an buga fa, ka duba?"

"Mai bugawar ya naɗe kafin in je. Sau biyu yana kirana wai na tabbata. Mutanen nan ba su saba ganin aiki mai zurfi ba."

"Hotuna bakwai na asali suna nan dai ko?"

"Na goge. Ƙwararre ba ya ajiye ɗanyen aiki."

Na riƙe ƙarfen matattakala. A lokacin ne na fara jin tsoro na gaske, don na ga jakunkunan Baffa biyu a ɗaure a bakin ɗakin taro. Motar ƙarfe biyu zai bi. Daga nan sai Babura, kuma ba mai dawowa ba ne.

Ɗakin ya cika. Darakta ya yi jawabi a kan amana da haƙuri, ya yaba wa matasa masu kawo sabon ilimi, Nazeer na gefe yana sunkuyar da kai irin na mai jiran tafi. Aka jingina firam ɗin a kan tebur. Darakta ya ce bismillah, ya yage takardar.

Na taɓa jin shiru a ɗakin nan, ranar da aka zo tantance ma'aikata. Bai kai wannan ba.

Sama ta fito baƙa, gajimare a murtuke kamar za a tashi duniya. A ƙarƙashinta ga Darakta a zaune da hannu huɗu, biyu a cinya, biyu a sama, babbar rigarsa ta buɗe gefe da gefe kamar zai tashi. Kansa ɗaya ne, amma ya ja doguwar wutsiya zuwa ƙasa, wurin atishawa. Mataimakinsa na da fuska biyu, ɗaya na kallonmu, ɗaya na amsa sallama. Mutum ukun da suka canja kujera sun narke cikin juna, hular wannan a kan ɗankwalin waccan. Madam Divine ta fito sau uku, ta tsakiyar ana hango matattakala ta cikin jikinta. Layin baya kuwa wasu kai ne ba jiki, wasu inuwa ce kawai ta nufi wajen shinkafa. Ni na fito da wuya biyu.

Liman ne ya fara magana. "A'uzu billahi."

"Jesus!" in ji Madam Divine. "Kwanan baya ka mai da ni tsohuwa, yau ka mai da ni fatalwa. Me na yi maka, Nazeer?"

Darakta ya sa tabarau. Ya matsa. Na ga leɓensa na motsi, yana ƙirgawa.

"Nazeer."

"Sir."

"Hannuna nawa?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"A nan fa?"

"A nan… kyamarar ta tattaro dukkan bayanan ne, sir. Ba ta zubar da komai."

Wani a baya ya kasa riƙewa, ya fashe. Shi ke nan, ɗaki ya ɗauka. Mataimakin Darakta na dariya yana nuna Darakta, har sai da aka nuna masa nasa. Wani na neman kansa ya samu takalmansa kawai. Nazeer ya fara bayani a kan haske da inuwa, muryarsa na ƙanƙancewa, har ta koma motsin baki. Ido ya raina fata. Na ji tausayinsa, kaɗan.

Darakta bai yi dariya ba. "Wannan abin ba zai fita daga ginin nan ba. A kira Thaddeus, gobe a sake."

"Gobe kana Legas, sir," in ji Madam. "Kuma Baffa yau zai tafi."

Sai a lokacin aka tuna da mai hoton. Dariyar ta mutu. Kowa ya juya yana neman Baffa, kunya ta kama mu gaba ɗaya, don mun san abin da ya roƙa, kuma mun san guda ɗaya ne.

Yana can baya. Ya tako a hankali, aka buɗa masa hanya. Ya ciro tabaransa mai ɗaurin zare, ya goge da bakin riga, ya sa. Bai ko kalli tsakiyar hoton ba. Can ƙarshe ya nufa, jikin ginshiƙi.

Na bi idonsa. A cikin duk wannan hargitsi, mutum ɗaya ne ya fito cikakke. Baffa Saleh na tsaye, hannuwansa a haɗe a gaba, kansa a miƙe. Inuwar ƙofa ba ta cinye shi ba. Ga tsagar gado uku-uku a kumatunsa, ga furfurar gemu ɗaya bayan ɗaya, ga aikin zaren wuyan rigarsa, ga farar shadda da zanenta. Har ɗan murmushin da yake ɓoyewa in manya na wuri ya fito. Duk abin da Nazeer ya yi alkawari ya cika, a kan mutum ɗaya tak.

Baffa ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kusa da gilashin, bai taɓa ba.

"Ashe haka nake," in ji shi a hankali. "Ashe na yi kama da babana."

Darakta ya yi gyaran murya. Muryarsa ta sauko. "To, alhamdu lillahi. A yanke gefen nan a sa maka a firam, Baffa. Sauran a ƙone."

"A'a, ranka ya daɗe. A bar min shi yadda yake."

"Baffa, dubi yadda muka fito."

"Na gani. Yaron nan bai yi ƙarya ba." Ya cire tabaran ya ninke. "Shekara talatin da biyar haka nake ganinku daga bakin ƙofar nan. Wannan ya shigo, wancan ya fita, wani ya canja kujera, wani kafin ka gama gane fuskarsa an ɗauke shi. Darakta goma sha uku na buɗe wa ƙofa. Da yaron ya ce kada kowa ya motsa, ni ban ji wani sabon aiki ba."

Madam Divine ta juya tana neman wani abu a jakarta wanda ba ya ciki. Ni ma idona ya cika, ban damu a gani ba.

Nazeer ya matso kusa da kunnena, muryarsa ta fara dawowa. "Kin gani ko? Dama na ce dabarar tana aiki. Matsalar…"

Na taka masa ƙafa da dukkan nauyina.

Baffa ya rungumi firam ɗin, ya fi faɗin ƙirjinsa, ya nufi hanyar fita. Da ya isa bakin ƙofa ya tsaya, yana neman yadda zai buɗe da kaya a hannu. Mutum uku suka yunƙura, amma Darakta ya riga su. Ya saɓa rigarsa a kafaɗa, ya kama ƙofar da hannu ɗaya daga cikin na gaskiyar, ya riƙe ta a buɗe har Baffa ya wuce.